Ƙullin Bahaguwa

Sadiya da Kabiru, wannan babin naku ne, don kun fi kowa surutu a kan mutum biyu da ba su yi muku laifin komai ba. Na sha jin ku kuna cewa kakarku ta ƙauye ba ta ƙaunar uwarku, tunda har ta koma ga Allah ba ku taɓa jin ta kama sunana ba. Kwanan nan kuma kun koma kan Gwaggo Lami, wai tsufa ya sa mata rowa, ta daina kawo mana kifin banda. Na ƙyale ku kuna yi saboda lokacin magana bai yi ba. Yanzu ya yi, amma sai kun yi haƙuri na biyo da ku ta hanyar da ni ma na biyo, wato ta makaranta, a shekarar da na kusa zuwa Mambila.

Ina dab da shekara hamsin, ina koyarwa a firamare a nan Haɗeja, na tashi na ce zan koma karatun ƙarshen mako in yi digiri a fannin Hausa. Babanku ya ce in dai ba zan bar shi da yunwa a shagonsa na kayan injin ban ruwa ba, to Allah ya ba da sa'a. Maƙwabta suka yi ta dariya, na ce musu gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ko gashi ɗaya babu a haɓata. A shekara ta biyu aka liƙa darussan zango a jikin bango, na sa tabarau ina bi, sai idona ya faɗa kan wani darasi na nazarin al'adun mutane da rubuta su. Ina tsaye sai wata yarinya 'yar ajin gaba ta ce da ni, ai Mama wannan darasin shi ne mai daɗin, don malamin yana zaɓar waɗanda suka fi iya rubutu ya kai su tsaunin Mambila su zauna cikin mutanen can. Ban san lokacin da na riƙo hannun yarinyar nan ba. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, ni da tsaunin da na sani shi ne jigawar bayan gari, a ce za a kai ni inda ake cewa gajimare yana shiga ɗaki ta taga, kuma shayi ganye ne a gona. A cikin adaidaita na dawo gida bakina har kunne, har mai adaidaitar ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini.

Tun kafin a shiga aji na riga na gama darasin a kaina. Na ɗauka za a koya mana yadda ake shiga cikin baƙin mutane, a zauna a kan kujera, a tambaye su me ya sa suke abin da suke yi, su kuma su yi ta ba da amsa ina rubutawa. Na hango littafi da sunana a gaba, hotona a baya. Na je gwanjo na sayo rigar sanyi mai kauri a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Na sayo takalmin kambas, nakan sa shi in zagaye tsakar gida don ƙafata ta saba da hawan dutse. Na fara gwada tambayoyi a kan duk wanda tsautsayi ya kawo gidan, har mai kawo mana ruwa ya koma ajiye jarka a zaure ya gudu. Babanku ne ya fi shan wahala.

"Malam, me ya sa kake fara sa ƙafar dama a takalmi?"

"Sunna ce, kin fi ni sani."

"To me kake ji a ranka lokacin da kake sawa?"

"Ina jin an makara da koko. Malama, ki adana tambayoyin nan kar su ƙare kafin ki isa Mambila."

Ranar farko na riga kowa zuwa, na kama kujerar gaba. Malamin ya shigo, Malam Bukar, matashi ne siriri wanda na kusa haifa, asalin gidansu mutanen wajen tafkin Chadi ne. Bai zo da taswira ba, bai zo da hotunan duwatsu ba. Ya ce darasin yana da doka biyu. Ta farko, mutum ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji, ya bar abin da zuciyarsa ta zata. Ta biyu, duk abin da ka rubuta a kan mutane, sai ka koma ka karanta musu da bakinka kafin ka miƙa, don ba dabbobi ka je kallo ba. Daga nan ya ce kowa zai koma gidan da aka haife shi, ya zaɓi sana'a ɗaya da ake yi a can, ya zauna ya kalle ta har ƙarshen zango. Na ɗaga hannu.

"Malam, Mambilar fa?"

"Malama Rakiya, wanda ya iya ganin gidansu shi za mu kai gidan wani. Ki kawo rubutu mai kyau, kujerarki tana nan a mota."

Murna ba ta koma ciki ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Na ce a raina, in dai gidanmu ne ai an gama, gidan da ake banda tun kaka da kakanni. Sai da na fito ina ɗaure igiyar kambas na tuna wace ce take zaune a bakin bandar.

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauko ni ta kawo ni cikin gari, ita ta raine ni, ita nake ce wa Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, kamar yadda na ji yaran gida suna faɗa. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a wajenmu, amma ta Yaya ta fi ta kowa. Ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "waccan ta gari". In na shiga ɗaki ta fita. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Ranar da aka kai ni ɗakin babanku an ce tana bakin kogi tana wankin kwando. Mutane suna yabonta, wai mace mai kunya irin ta da. Ni kuwa zan faɗa muku gaskiya, abin yana ci mini rai. Ina da furfura, ina da jika, amma ban san ko ina da wuri a zuciyar uwata ba. Shi ya sa, Sadiya, nake kwaɗa miki kira da sunanki har maƙwabta su ji, don na yi alkawari ba zan bar ki da wannan tambayar ba. Abin da na riƙe na dangi shi ne Gwaggo Lami, ƙanwar babana, wadda take zaune gida ɗaya da Yaya suna banda tare. Duk ranar kasuwa in ta kawo kifi Haɗeja sai ta biyo ta ajiye mini ƙunshi a takardar siminti, an ɗaure da kaba, babbar tarwaɗa a ciki wadda ba a kai irinta kasuwa. Ƙullin kabar nan kuwa bai taɓa warwaruwa a hannuna ba, ina ja yana ƙara tamkewa, sai na sa wuƙa. Kai kaɗai, Kabiru, kake buɗe shi da ja ɗaya, muna ce maka sarkin ƙulli.

Duk da haka ɗoki ya fi ƙarfin tsoro. Asabar na hau acaɓa har inda hanya ta ƙare, na shiga kwalekwale muka ratsa ta cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye mana rabin ruwa. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, masunta suna yawo a kan ruwa bisa gora, ni kuma ina zaune a tsakiyar jirgi da kambas da biro, ina ji kamar gwamnati ce ta aiko ni. Na yi sallama na shiga gida. Yaya tana ganina ta ajiye kifin da ke hannunta ta miƙe za ta shige ɗaki. Gwaggo Lami, da na riga na yi mata bayani a waya, ta tare ta.

"Ina za ki, wutar ta ci kifin mutane? Zauna. Wannan ba waccan ta gari ba ce, makaranta ce ta zo."

"Makaranta da ƙafa?"

"Har da takalmin sojoji. Aiko ta aka yi ta ga yadda ake banda. In kin tashi an kayar da ita jarrabawa, alhakin yana wuyanki."

Yaya ta tsaya jim. Sai ta jawo kujerarta ta juya ta, ta zauna ta ba ni baya, ta ci gaba da aiki. Haka muka yi zangon nan gaba ɗaya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa fuskar ba a ba ni ba, ƙeya aka ba ni da hannaye biyu. Tambayoyin da na tara na sauke su a kan Gwaggo, ita kuma ta amsa wanda ta ga dama, sauran ta ce in tambayi kifin.

Ban taɓa jin daɗin karatu irin na watannin nan ba. Duk Asabar ina hanya, duk Lahadi ina ajin Malam Bukar ina hana yara magana. Na ga yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a haɗa kai da wutsiya a soke da tsinke. Na ga itacen da ake so saboda hayaƙinsa da wanda ake gudu don yana sa ɗaci. Na lura ba a jera karfasa a ƙasa kusa da wuta, sai a sama. Na gane mata ba sa hira lokacin juya kifi, sai an rufe da tabarma bakin kowa yake buɗewa. Hayaƙi ya kama mayafina har yaran ajinmu na firamare suka sa mini suna Malama Banda, ban damu ba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a karo na farko a rayuwata ina zaune kusa da uwata har ina jin tarinta, kuma ba ta tashi ba.

A nan na lura da abin da ban taɓa sani ba. Yaya bahaguwa ce. Da dama take cin abinci, da dama take miƙa wa mutum abu, don haka aka hore ta tun tana ƙarama, amma in aiki ya yi zafi hagu ce take soke tsinke, ita take juya kifi. Na rubuta, na ce a raina ashe ga inda Kabiru ya samo hannunsa, mu muna ta neman asalin abin a dangin babanku.

Wata Asabar ana shirin kasuwa, ana jera kifi a kwali. Gwaggo ta fita kiran mai jirgi. Yaya ta sa hannu cikin tulin kifin tana ɗagawa tana ajiyewa, har ta zaro wata tarwaɗa baƙa siɗik mai maiƙo. Ta sunsuna ta, ta goge ta da gefen zaninta. Ba ta sa ta a kwali ba. Ta jawo takardar siminti daga ƙarƙashin tabarma ta naɗe ta, ta zare kaba da haƙori, ta zagaya, ta ƙulla da hagu, ta bar bakin kabar yana kallon hagu. Sannan ta tura ƙunshin cikin kwandon Gwaggo ta rufa da tsumma, ta koma kan aikinta. Biro ya tsaya a hannuna. Ƙullin nan na san shi kamar yadda na san tafin hannuna, tun ina amarya nake yanka shi da wuƙa.

Da muka shiga jirgi ni da Gwaggo, na miƙa mata jakata.

"Gwaggo, ɗaure mini bakin jakar nan da kabar can."

Ta ɗaure da dama, na ja, ya warware nan take. Ta dube ni, na dube ta.

"Ke dai ki ci kifinki, Rakiya."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da aka kai ki ɗaki. Ta ce in na faɗa ba ta yafe mini ba. Ni 'yar aike ce kawai, ina karɓar godiyar da ba tawa ba. Amma ki ji ni da kyau, ran da ta san magana ta fita, ran nan ta daina. Kin san ta. Ta nan kaɗai take iya zuwa gidanki, kar ki toshe mata hanya."

Na yi kuka a cikin jirgin nan, ina yi ina dariya, mai jirgi ya kawar da kai yana tuƙinsa. Farin cikin ranar ba ni da abin da zan kwatanta shi da shi. Ina isa gida ko mayafi ban cire ba na zauna na rubuta abin da na gani, daga ɗaga kifi har rufa tsumma, ban ƙara ko kalma ɗaya ta zuciya ba, kamar yadda aka koya mana. Na karanta wa babanku. Mutumin nan da ba ya rasa abin zolaya, ranar ba da wasa ya yi magana ba.

"Malama, ɗauko rigar sanyinki. Wannan kam Mambila ta tabbata."

Ni ma na san haka. Sai doka ta biyu ta faɗo mini a rai. In zan miƙa wannan shafin, sai na tsaya a tsakar gidanmu, gaban matan gida, na karanta wa Yaya abin da ta ɓoye tun ina amarya. Babanku ya ce abu mai sauƙi, in karanta musu na kifi, in miƙa wa malami cikakken, wa zai sani. Na juya maganar kwana da kwanaki, don Allah ya sani ina son tafiyar nan. Amma rubutun da ya yi fice ana karanta shi a taron ɗalibai, kuma akwai 'ya'yan ƙauyenmu a makarantar, kafin in sauko daga dutse magana ta riga ni haye kogi. Ko da babu su ma, matar nan ta yarda ta zauna ne don an ce mata banda aka zo gani. Ranar Juma'a da hantsi na ɗora tukunya, na sa shafin a murhu, da shi na hura wuta.

Asabar ta ƙarshe Gwaggo ta tara matan gida bayan la'asar. Na tsaya na karanta musu yadda suke banda. Aka yi ta shewa, wannan ta ce na manta gishiri, waccan ta ce a sa sunanta ko ta fasa yarda. Yaya tana kan kujerarta ta ba mu baya, tana fere tsinke. Da na kai ƙarshe sai na ji muryarta.

"Lami, tambayi makarantar, iyakar abin da ta gani ke nan?"

Ashe ƙeyar nan tana da ido. Na dubi Gwaggo na ce:

"Gwaggo, ki ce mata iyakar abin da makaranta ta rubuta ke nan. Sauran ba na makaranta ba ne."

Wuƙar ta tsaya a kan tsinken. Can ta ci gaba da ferewa.

"To. Allah ya yi wa makarantar nan albarka. Allah ya sa ta gama da duniya lafiya."

Matan gida suka ce amin suna dariya, su a zatonsu gini ake sa wa albarka. Ni na durƙusa a inda nake, na shafa addu'ar.

Malam Bukar ya ba ni maki na tsaka-tsaki. Ya kira ni ofis ya ce aikin yana da tsabta, amma ya yi mamaki, na san kifi ciki da bai, matar da take bandar kuwa kamar ban gan ta ba. Na ce Malam, baya ta ba ni. Ranar tafiya na je na raka yaran bakin mota, na ba wata siririya rigar sanyina don ta zo da mayafi kawai. Da motar ta tashi na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba, har yau in aka nuno duwatsun nan a talabijin sai na matso kusa. Ranar kasuwar da ta biyo baya Gwaggo ta yi sallama da ƙunshinta. Na karɓa na yi mata godiya kamar kullum, ta amsa kamar kullum. Da na buɗe, tarwaɗa biyu ce a ciki.

Haka kifi ya ci gaba da zuwa har shekarar da Yaya ta kwanta. Ba ta taɓa kiran sunana ba har ta cika, ni ma ban ƙara nema ba. Don haka ku je ku gaishe da Gwaggo Lami, ku kai mata goro, ba ta rage muku komai ba. Aiken ne ya ƙare, ita kuma ta ƙi ta yi ƙullin da ba nata ba.

Ƙunshin ƙarshe ya iso sati ɗaya kafin rasuwar. Ban san shi ne na ƙarshe ba, amma tun ranar jirgin nan na daina sa wa kabar wuƙa, takardar nake yagewa ta gefe in zare kifin. Kabar tana nan a ƙasan akwatina, a cikin takalmin kambas, da ƙullinta yadda ta bar shi. In kun zo ku ce in nuna muku. Sadiya, ke kina iya taɓawa. Kai kuwa Kabiru, na san hannunka, ja ɗaya za ka yi. Ka sa hannun nan a aljihu, ka kalla da ido.